Koyon Ƙira a Ƙasar Funtuwa da Malumfashi: Gado, Haye da Maƙerar Bayan Gida

Tun da manyan wayoyi suka yawaita, hotunan bidiyo na mutanen ƙetare masu ƙera wuƙa da gatari a bayan gidajensu suka shiga majalisun matasa. Daga kallo sai sha'awa ta biyo baya. Yanzu akwai malaman makaranta da ma'aikata da manoman da ke zaune da rani a Funtuwa, Bakori, Ƙafur da Malumfashi da ke tambaya ko mutum zai iya kafa 'yar maƙera a gidansa ya koyi sarrafa ƙarfe. Amsoshin da suke samu sun saɓa wa juna. Wasu na cewa ƙira gado ce, wanda bai gada ba wuta za ta ci shi. Wasu na cewa ƙira ta riga ta mutu, walda ta gaje ta. Wasu kuma, saboda halin tsaron da yankin ke ciki, da sun ji ƙarar guduma a gidan da ba na maƙera ba sai zuciyarsu ta tafi ga bindiga. Kowace daga cikin maganganun nan tana da tushe, amma babu wadda ta faɗi gaskiya duka.

Ƙira, walda da zubi: sana'o'i uku ne

Ƙira ita ce a gasa ƙarfe a wuta har ya yi laushi, a ɗora shi kan uwar maƙera, a yi ta dukansa da guduma ko masaba har ya ɗauki siffar da ake so. Ƙarfen ba ya narkewa. Baƙin ƙarfe sai ya haura digiri 1,500 a ma'aunin Salshiyas kafin ya narke, alhali maƙeri yana aikinsa ne tsakanin digiri 900 zuwa 1,200, lokacin da ƙarfen ya tashi daga ja ya koma ruwan goro ko ruwan ɗorawa. Kayan aikinsa sanannu ne: zuga-zugai na hura wuta, gawayi, awartaki na riƙe ƙarfe mai zafi, da magagari na goge baki.

Hausawa sun raba maƙera gida biyu. Maƙeran baƙi su ne masu fartanya, garma, lauje, gatari, adda, sungumi, linzami da aska. Maƙeran fari su ne masu aikin azurfa da tagulla, wato zobe, munduwa da kayan adon doki.

Walda kalmar aro ce daga Ingilishi, tana nufin haɗa ƙarfe biyu ta hanyar narkar da bakinsu da wutar lantarki ko da harshen wutar gas. Mai walda yakan yanka ƙarfen da masana'anta ta riga ta fitar, ya auna, ya liƙa. Ƙofa, taga, gadon ƙarfe, amalanke da injin casar masara duk aikinsa ne. Zubi kuwa shi ne a narkar da ƙarfe ya zama ruwa a zuba shi cikin mazubin yashi, kamar yadda masu tukwanen alminiyum ke yi, domin alminiyum yana narkewa a digiri 660 kacal.

Amfanin wannan rarrabewa shi ne mai son koyo ya san abin da yake nema. Mutum zai iya shekara goma yana walda bai san yadda ake fitar da bakin lauje mai ci ba, kamar yadda tsohon maƙeri zai iya rasa yadda ake saita injin walda.

Yadda aka zo nan

Sarrafa ƙarfe a wannan ƙasa ya daɗe ƙwarai. A Taruga, cikin yankin al'adun Nok, an tono matoyar tama da ta haura shekara 2,000. An samu irin waɗannan alamomi a gindin Dutsen Dala da kuma kusa da Samaru ta Zariya, kuma tarihin Kano na gargajiya ya danganta kafuwar garin da maƙeran da suka zo daga Gaya neman tama. Tama ita ce dutsen da ake toyawa a fitar da ƙarfe daga cikinsa. A da, maƙeri ko dai ya toya tamarsa ko ya saya wajen masu toyawa.

Zuwan Turawa ya yanke wannan ɓangare na sana'ar. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa ya kai Ƙaurar Namoda a ƙarshen shekarun 1920 ya zo ne don kwashe auduga da gyaɗa, amma ya kawo ƙarfen waje da tarkacen injuna. Daga baya motoci suka ƙara. Tsohon ƙarfe ya fi sauƙin samu a kan a kwana ana hura matoya, don haka toya tama ta yi ta ja baya har ta ɓace. Ƙira kuwa ba ta ɓace ba, ta koma dogaro da tsohon ƙarfe.

Abu na biyu da ya sauya aikin maƙeri shi ne garmar shanu. Ma'aikatar gona ta Arewa ta fara gwada noma da shanu a shekarun 1920, kuma ƙasar auduga ta kudancin Katsina, inda gonar iri ta Daudawa take, ta karɓe shi sosai. Garmar da ta fi yaɗuwa ita ce Emcot, wadda aka fara shigowa da ita daga Ingila. Bakinta yana cinyewa da ƙasa, kuma manomin ƙauye ba zai jira kanti ba ana tsakiyar huɗa. Maƙeran gida suka koyi yi mata sabon baki, daga nan wasu suka kai ga ƙera ta sukutum.

Sai kuma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Funtuwa, wanda aka gudanar daga 1975 zuwa 1980 da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin irinsa uku na farko a Nijeriya tare da na Gusau da na Gombe. Ya shafi gundumomin Funtuwa, Bakori, Faskari, Ƙanƙara da Malumfashi, ya yi hanyoyin karkara, ya kai takin zamani da ingantaccen iri kusa da manomi. Daga nan masara ta tashi daga abin gashi a bayan gida ta zama amfanin kasuwa. Yawan masara ya jawo buƙatar injin casa da amalanke da injin niƙa, kuma a nan ne masu walda suka samu gindin zama. Saboda haka cewa walda ta kashe ƙira kuskure ne. Noma ne ya faɗaɗa, aikin ƙarfe ya rabu biyu. Duk wanda ya shiga kasuwar Ɗandume ko ta Funtuwa gab da faɗuwar damina zai ga tarin fartanya da lauje na gida, kuma zai ga ana saye.

Abin da ake gani a waya daga ina yake?

A Amurka da Ingila labarin daban ne. Masana'antu da tarakta sun kori maƙerin ƙauye tun farkon rabin ƙarni na ashirin. Daga baya masu sha'awa suka farfaɗo da sana'ar don nishaɗi da fasaha. An kafa ƙungiyar maƙera masu fasaha ta Arewacin Amurka, wato ABANA, a 1973, ta Birtaniya kuma a 1978. Shirin gasar ƙera wuƙaƙe na talabijin mai suna Forged in Fire, wanda ya fara a 2015, ya ƙara wa abin farin jini, YouTube kuma ya kai shi ko'ina.

Mutumin da ake gani a bidiyon yana da albashinsa a wani wuri, yana hura wutarsa da gas, yana sayen ƙarfen da aka rubuta masa sinadaran da ke ciki, kuma in wuƙar ta karye babu gonar da za ta kwana ba a nome ba. Yana koyo daga littafi da bidiyo ne domin babu maƙeri a unguwarsu. Ɗan Malumfashi kuwa da wuya ya yi tafiyar rabin awa bai iske maƙera tana ci ba. Wannan babbar dama ce, kuma abin takaici ne a bar ta a tsaya ga waya kaɗai.

Gado ko haye?

Masu cewa ƙira gado ce suna da hujjar da ta wuce camfi. Yaron gidan maƙera yana fara zuga tun yana ƙarami. Kafin a miƙa masa guduma ya shekara da shekaru yana kallon launin ƙarfe a wuta, kunnensa ya saba da amon ƙarfen da ya tsage daga ciki. Akwai kuma tsari: Sarkin Maƙera yana sasanta rikici, yana sanin wa ke ƙera me, yana wakiltar 'yan sana'a a gaban hakimi. Gidajen ƙira suna da kiɗansu na dundufa, da wasansu da Buzaye, da magungunan ƙuna da suke riƙe da su. Wanda ya shigo daga waje bai san waɗannan ba, kuma dattawan sana'a na tsoron ya zubar musu da mutunci ko ya karya farashi da aikin da bai nuna ba.

Masu ɗaya ra'ayin na cewa Hausawa ba su taɓa rufe ƙofar ƙira ruf ba. Akwai na gado, akwai ɗan haye, wato wanda ya shiga sana'ar da ba ta gidansu ba, kuma an san shi tun da. Wannan ya bambanta da tsarin Buzaye, inda maƙera rukuni ne na musamman da ke aure a tsakaninsu. Suna ƙara da cewa a addini babu abin da ya keɓe sana'ar ga wani gida, kuma sarrafa ƙarfe aiki ne mai daraja tun da Annabi Dawuda, amincin Allah ya tabbata a gare shi, mai ƙera sulke ne. Hujjarsu mafi ƙarfi ita ce 'ya'yan maƙera da yawa sun tafi boko ko acaɓa ko walda, har wasu maƙeru sun rasa mai zuga.

Idan aka auna, gadon da ake magana a kai yawancinsa tsawon lokacin koyo ne da kusanci da gwani. Wannan ɗan haye ma zai iya samu in ya yi haƙuri ya durƙusa. Abin da ba zai samu ba shi ne ya tsallake wannan mataki. Zancen cewa wuta ba ta cin ɗan gado kuwa, ko me mutum ya yarda da shi, kada ya gwada shi da hannunsa. Maƙeran gado su kansu da awartaki suke ɗaukar ƙarfe.

Inda ilimin yake: sanin ƙarfe

A nan ne tsohon maƙeri da ɗan makaranta za su amfani juna, kuma a nan ne aka fi yin asara. Ba kowane baƙin ƙarfe ke yin kaifi mai ɗorewa ba. Abin da ke bambanta su shi ne yawan kabon da ke ciki, wato sinadarin nan da gawayi ya ƙunsa. Ƙarfen ƙofa da taga yana da kabon kaɗan, bai kai kashi 0.3 cikin ɗari ba, don haka ko an tsoma shi a ruwa ba ya yin tauri sosai. Sifirin ɗin mota, wato faffaɗan ƙarfen da ke ɗauke da nauyin mota a kan tayoyi, yana da kusan ninki biyu na haka, shi ya sa maƙera ke nemansa don adda da gatari da bakin garma. Tsohon magagari ya fi shi kabon, yana yin wuƙa mai ci amma mai saurin karyewa. Rodin gini ba shi da tabbas, domin sau da yawa daga narkakkun tarkace iri-iri ake yin sa.

Taurara ƙarfe mataki biyu ne, kuma masu koyo sukan tsaya a na farko. Ana gasa bakin abin har ya yi ja, wajen digiri 800. Akwai gwaji mai sauƙi: a kusan digiri 770 maganaɗisu yana daina kama ƙarfe, don haka in ya daina kamawa an kusa kaiwa. Sai a tsoma a ruwa ko a mai. Ruwa yana sanyaya da sauri, yana ba da tauri, amma yana iya tsaga ƙarfe mai kabon da yawa. Mai ya fi sauƙi a kansa. Bayan wannan tsomi ƙarfen ya yi tauri amma yana da gautsi, in ya bugi dutse sai ya ɓalle. Mataki na biyu shi ne a goge shi ya yi haske, a sake ɗumama shi a hankali tsakanin digiri 200 zuwa 300, ana kallon launin da ke bayyana a jikinsa. Launin busasshiyar ciyawa ya dace da wuƙa da aska. In ya kai shuɗi ya ƙara laushi da juriya, wanda ya fi dacewa da abin da ke shan duka. Sai a sake sanyaya shi.

Gwanayen maƙera suna yin wannan da ido, ko da ba su kira shi da lissafin digiri ba. Amma fartanyar da ke lanƙwashewa a makon farko na noma, ko addar da ke karyewa a kan itace, alama ce ta an yi kuskuren zaɓen ƙarfe ko an tsallake ɗaya daga cikin matakan nan. Matashin da ya fahimci dalilin, ya kuma samu hannun yin aikin a wajen gwani, zai fitar da kayan da za su yi gogayya da na kanti.

Ga mai farawa, hankali shi ne ya soma da ƙananan abubuwa: ƙugiya, ƙusa, maratayi, sakatar ƙofa, turken ɗaure dabba, sannan awartakinsa na kansa. Daga nan ya koma gyara, wato wasa bakin fartanya da miƙe abin da ya lanƙwashe. Wuƙa da adda su zo daga baya.

Gawayi da tsohon ƙarfe

Maƙera sun fi son gawayin ƙirya saboda nauyinsa da daɗewar garwashinsa. Itacen ya yi ƙaranci, kuma dazuzzukan yammacin yankin, wajen Faskari da Sabuwa da Ƙanƙara, shigarsu ta zama kasada saboda 'yan bindiga. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin jihar Katsina ta Aminu Bello Masari ta hana manyan motoci ɗauko itace daga daji, cikin matakan da ta ɗauka na tsaro. Duk mai shirin kafa maƙera ya sa tsadar gawayi a lissafinsa, kuma ya san cewa yawaitar masu hura wuta don sha'awa kawai ƙarin nauyi ne a kan itatuwan da suka rage.

Tsohon ƙarfe ma yanzu yana da masu nema da yawa. 'Yan jari-bola suna tara shi ana lodawa zuwa masana'antun narkarwa, kuma farashinsa ya hau. Ga kuma matsalar kayan sata: ƙarfen layin dogo, murfin kwalbati da kayan turakun lantarki dukiyar jama'a ce, saye ko ajiye su laifi ne. Wannan ya shafi mai koyo kai tsaye, domin bidiyoyi da yawa suna ba da shawarar a yi uwar maƙera da guntun layin dogo. Kan tsohuwar babbar guduma ko wani dunƙulen ƙarfe daga injin da ya mutu, in an kafa shi a kututture, zai yi aikin ba tare da jawo wa mutum tuhuma ba.

Doka da zargi

Dokar makamai ta Nijeriya ta 1959 ta hana ƙera bindiga ko harhaɗa ta ko gyara ta ba tare da izinin hukuma ba, kuma bindigar toka ma tana ƙarƙashin wannan doka. Ƙera fartanya da wuƙar yanka ba laifi ba ne. Sai dai a yankin da aka sha kashe-kashe da satar mutane, tsoron maƙwabta abin fahimta ne, kuma akan kama masu ƙera bindigogin gida a sassa daban-daban na Arewa. Kuskure ne a shafa wa dukkan maƙera wannan baƙin fenti, domin mafi yawansu abin noma suke yi. Amma sabon shiga shi ya fi buƙatar kare kansa: ya sanar da mai unguwa da Sarkin Maƙera, ya yi aikinsa a fili da rana, kuma ya ƙi duk wani aiki da ya shafi bututun bindiga ko kunamarta ko da an ce gyara ne kawai, ko da mai kawowa ɗan sa-kai ne da ya sani.

Haɗarin da ke cikin gida

Ba banza ba maƙerar gargajiya take zama rumfa a waje, iska na ratsa ta. Gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashewa. Ƙarfe mai farin shafe na zinki, irin kwanon rufi da wasu bututun ruwa, in an gasa shi yana fitar da hayaƙin da ke sa zazzaɓi da ciwon ƙirji. Durom ko tankin da aka taɓa zuba fetur yana iya fashewa in an sa masa wuta, ko da ya daɗe a bushe. Hasken walda yana ƙona ido, kuma baƙin tabarau na kwalliya ba ya karewa.

Mafi muni shi ne narkar da dalmar tsohon batirin mota. Dalma tana narkewa a digiri 327, abin da ke sa a ga kamar aiki ne mai sauƙi, amma ƙurarta tana zama a ƙasar tsakar gida inda yara ke wasa. A 2010 gubar dalma ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na jihar Zamfara, saboda ana niƙa duwatsun zinare masu ɗauke da ita a cikin gidaje. Wannan aiki bai kamata ya shiga gidan da ake kwana ba ko kaɗan. Haka nan a ƙauyen da ke da dangar kara da rumbuna, tartsatsi ɗaya a lokacin hunturu ya isa ya cinye amfanin shekara.

Hanyoyin koyo da abin da zai iya biyo baya

Baya ga zama a maƙera, akwai hanyoyin hukuma. Kwalejojin fasaha na jiha suna koyar da aikin ƙarfe, ɗalibansu na zana jarrabawar NABTEB. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, tana tura matasa wajen masu sana'a, kuma ƙauyen koyon sana'o'i na matasa da ke Katsina yana koyar da walda. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya tana ba da takardar gwajin sana'a. Raunin yawancin waɗannan shi ne sun karkata ga walda, ƙira ta wuta da guduma kuwa an bar ta kamar ba ilimi ba. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru, wadda ba ta da nisa da Funtuwa, ta daɗe tana fitar da samfurin ƙananan injunan gona, kuma irin waɗannan ba sa isa ga manomi sai an samu masu ƙerawa da gyarawa a kusa da shi.

Tun bayan cire tallafin fetur a Mayun 2023 da faɗuwar darajar naira, hayar tarakta da kayan gona na waje sun yi tsada, abin da ke mayar da ƙaramin manomi ga shanun huɗa da kayan gida. Buƙatar gyara za ta ƙaru, musamman daga watan Afrilu zuwa Yuli. Idan masu sha'awar ƙira suka shigo ta hannun maƙeran da ake da su, tsofaffin za su samu masu taimako da masu karanta awo da zane, sababbin kuma su samu hannu da kariyar suna. Idan kuwa kowa ya kafa tasa a ɓoye daga abin da ya gani a waya, abin da ya fi yiwuwa shi ne kasuwa ta cika da kayan da ba su da ƙarko, farashin aikin gwanaye ya faɗi, kuma jami'an tsaro su samu dalilin sa ido a kan sana'ar baki ɗaya.